Fitila a gindin kibiya: yadda nake aiki da ita a farautar barewa a Ohio

Kakana na wajen uwa maharbi ne a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Har yau ina tuna kwarinsa rataye a bangon zaure, kibau na kyauro marasa fiffike, kawunansu baƙi ƙirin da dafi, an ja mana kunne kada yaro ya kuskura ya kusanci wurin. Shi ba ruwansa ko kibiya ta shiga haƙarƙari ko cinya, muddin ta fasa fata dafi zai ƙarasa saura. Ni kuwa da Allah ya kawo ni jihar Ohio a Amurka na faɗa farautar barewa da baka, sai na tarar doka ta haramta dafi kwata-kwata. Reza ce kawai a kan kibiya, ita za ta yanka jini ya zuba. Don haka a nan, wurin da kibiya ta shiga shi zai gaya maka ko ka sauko daga kan itacen da ka hau kana dako ka bi dabba yanzu, ko ka ƙyale ta sai bayan awa takwas.

To ganin wurin shi ne aiki. Barewar nan mai farar wutsiya ba ta cika yawo da rana tsaka ba, da sanyin asuba take fita ko dab da magariba. Bakana mai taya yana tura kibiya kusan ƙafa 270 a daƙiƙa ɗaya, yadi 20 kuwa ƙafa 60 ne. Kafin ka ƙifta ido an gama. Shekarar da na fara, na harbi wata ta mace da duhun magariba, da za a ba ni Alƙur'ani da na rantse a bayan kafaɗa na same ta. Na sauko daga itace da rawar jiki na bi ta nan take, na tashe ta daga inda ta kwanta yadi 80 kacal daga wurin harbin, ta tsallake rafi ta shige gonar masara. Sai bayan kwana biyu ungulaye suka nuna mini ita. Ashe kibiyar can baya ta shiga, ta tumbi. Da na sani na bar ta, da a kwanciyar farkon nan za ta mutu. Wani dattijon Bature da muke aiki tare, wanda shi ya fara kai ni daji, bai yi mini faɗa ba. Washegari ya ajiye mini wasu 'yan robobi uku a kan tebur ya ce, sa waɗannan, idonka maƙaryaci ne kamar na kowa.

Ɗan robar da ke gindin kibiya, mai tsaga inda tsirkiya ke shiga, shi maharban nan ke kira nok. Mai fitilar kuwa nok ne da aka sa wa ɗan ƙanƙanin kwan lantarki da siririn batir mai kamar ashana, irin wanda masunta ke sa wa a abin da ke yawo a kan ruwa don kamun kifin dare. Yana zaune a kashe har sai ka saki tsirkiya, ƙarfin turin ya kunna shi, ka ga kibiyar ta tafi kamar tartsatsin wuta. Kusan duk wanda za ka samu a shago ɗaya ne daga cikin iri biyu. Akwai irin Lumenok, wanda turin tsirkiya ke ƙara cusa shi cikin sandar kibiya, wasu 'yan wayoyi biyu su taɓa bakin sandar, wuta ta zagaya. Wannan yana bukatar sanda ta kabon ko alminiyam, tunda jikin kibiyar ne ke haɗa wutar. Akwai kuma irin Nockturnal, mai ɗan maɓalli a cikin tsagar, tsirkiya ce ke danna shi. Na yi aiki da duka biyun. Na biyun ya fi sauƙin sawa, na farkon ya fi sauƙin kashewa da hannu a daji. Ƙunshin uku na saye shi wajen dala 30. Akwai marasa suna a intanet da ake sayar da rabin dozin a kuɗin da bai kai haka ba. Na gwada sau ɗaya, biyu suka ƙi kamawa, ɗaya ya tsage a harbi na huɗu, ƙarar da bakan ya yi sai da gabana ya faɗi. Tun ranar ban sake ba, don idan nok ya fashe lokacin saki, tamkar ka saki tsirkiya ba kibiya ne, kuma abin da ke karya baka ke nan.

Kafin ka sayi komai, san faɗin ramin kibiyarka. Nan mutane suka fi yin asara. Ana auna shi da inci, kuma waɗanda suka fi yawa su ne 0.166, da 0.204, da 0.244 ko 0.246. A jikin kwali za ka ga haruffa maimakon lamba: G na siririya, X na mai bi mata, S ko GT na kibiyar gama-gari. Bambancin 0.244 da 0.246 ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya sa nok ya yi sako-sako ko ya matse har ya tsaga bakin sanda. Ka ɗauki kibiya ɗaya ka tafi da ita shago a gwada a gabanka, ya fi maka ciniki da ka. Masu baka irin na kwance mai kunama, su nasu ya fi haɗari, dole siffar gindin ta zama daidai da wadda kamfanin bakan ya ce.

Sawa ba wuya, sai dai tana son natsuwa. Ka kama tsohon nok da filaya, ka murɗa kaɗan ka zare shi a miƙe, kada ka lanƙwasa gefe. Ka leƙa bakin sandar da tocila, ka kuma lanƙwasa kibiyar kusa da kunnenka kana juya ta. In ka ji ƙas-ƙas, ta tsage daga ciki, jefar da ita, kabon da ya fashe a hannun da ke riƙe da baka ba abin wasa ba ne. Ka goge ramin da ɗan auduga. Idan irin Lumenok ne, sai bakin sandar ya zama shafe daidai, ba gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa ba, in ba haka ba waya ɗaya za ta taɓa ɗaya ta ƙi. Ana sayar da ƙarfen daidaita shi, ni dai sanfefa mai laushi nake shimfiɗawa a kan gilashi in tsayar da kibiyar cak in murza a hankali. Sai ka daidaita tsagar da fikafikan yadda tsohon yake, tun kafin ka tura, domin murɗa shi da filaya bayan ya zauna yana lalata abin cikin. Ka tura da hannu ko ka danna shi a kan katako. Kada ka sa gam. Ranar da batir ya mutu za ka gode mini.

Daga nan ka gwada kamunsa a tsirkiya. Ya kamata ka ji ɗan ƙas idan ya shiga, kuma in ka juya bakan kibiya na kallon ƙasa, ta rataya ba ta faɗi ba, amma in ka ɗan bugi tsirkiyar da yatsa ta saki. In ya matse fiye da haka kibiya za ta fita da karkata, kuma mai maɓallin nan kan kama tun kana ɗora shi. Ya taɓa faruwa da ni a kan itace, duhu bai gama washewa ba, sai ga koren haske a gefen fuskata kamar na kunna wa dajin sigina. Dole na zare ta na cusa gindin a aljihu na ɗauko wata.

Yanzu maganar nauyi, wadda masu sayarwa ba su cika son a daɗe a kanta ba. Maharba a nan da giren suke auna kibiya, giren 15 da ɗan ɗori shi ne giram ɗaya. Nok na roba zalla giren 8 zuwa 12 ne, mai fitila kuwa 20 zuwa 30. Wato kusan giram ɗaya ka ƙara. Za ka ce mene ne giram ɗaya? Ai inda ka ɗora shi ne abin dubawa, can ƙarshen baya. Kibiya mai kan reza tana son nauyinta ya rinjaya gaba don ta tafi a miƙe, kuma abin da aka fi ba da shawara shi ne rinjayen ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ga yadda za ka auna a gida: ɗora kibiyar da kanta da komai a gefen cokali har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba, ka yi alama. Ka auna daga cikin tsagar gindi zuwa alamar, ka cire rabin tsawon kibiyar, ka raba abin da ya rage da tsawonta duka, ka ninka sau ɗari. Tawa inci 29 ce, nauyinta giren 450, da tsohon nok tana tsayawa a inci 18, wato kashi 12. Da na sa mai fitila ta ja baya zuwa 17 da rabi, ta koma kashi 10 da ɗan kai. Har yanzu da sauƙi. Amma wanda dama yana kashi 9, fitila za ta jefa shi inda iska kaɗan ke wasa da kibiyarsa. Maganin shi ne a ƙara nauyin kai, daga giren 100 zuwa 125, sai dai wannan ma yana sa sanda ta ƙara lanƙwasa lokacin fita, ka ga sai an sake gwada komai daga farko. Shi ya sa nake yin duk wannan a watan Agusta, ba ana gobe buɗe farauta a ƙarshen Satumba ba.

A yadi 20 ban ga wani bambanci a inda kibiyata ke sauka ba. A yadi 40 ta sauka ƙasa da kamar yatsu biyu. Kai ma ka gwada naka, kada ka ɗauki nawa. Kuma da nok mai fitilar za ka daidaita saitinka, da kan rezar da za ka yi farauta da shi. Don kada in ƙarar da batir a banza, waɗanda suka mutu bara su nake sa wa kiban atisaye, nauyinsu ɗaya da sababbi. Sabon kuwa kowanne sai na harba shi sau biyu ko uku na ga ya kama kafin ya shiga kwari.

Akwai wata riba da ban yi tsammani ba. Da yamma liƙis, ka sa wani ya tsaya a bayanka ya ɗauki harbin da waya, da tsarin nan mai rage gudun hoto. Idan gindin kibiya na kaɗawa hagu da dama ko sama da ƙasa, hasken zai zana maka shi a fili. Da haka na gane madogarar kibiyata ta ɗan goce, abin da na yi wata guda ina ɗora wa hannuna laifi.

Amma ga cutar da ke zuwa da ita, kuma ta kama ni sosai: leƙe. Hasken yana da daɗin kallo, sai ka tarar kana sauke hannun baka kana ɗaga kai don ka gani tun kibiya ba ta gama barin tsirkiya ba, sai ta tafi ƙasa. Dattijon nan ya tsaya a bayana yana maimaita kalma ɗaya, riƙe, riƙe, har sai da na saba barin idona a kan gashin da na zaɓa, hannuna a sama, sai na ji ƙarar sauka. Hasken da kansa zai shigo inda kake kallo.

Launi kuwa, kore nake sawa. A watan Oktoba da Nuwamba ƙasan daji cike yake da ganyen da ya zuba, ja da ruwan goro, jan haske na ɓacewa a ciki, kore kuwa yana fita tar. Abokina ja yake so, musamman in ƙanƙara ta rufe ƙasa. Masu cewa haske zai tsorata barewa, ban yarda da su ba. Fitilar baya take kallo, kuma ba ta kamawa sai kibiya ta riga ta tashi. Abin da ke sa barewa ta duƙa shi ne ƙarar baka, tunda sauti na tafiyar sama da ƙafa 1,100 a daƙiƙa, ya ninka gudun kibiya sau huɗu. Fitilar ce ma ta fara nuna mini wannan duƙawar, na ga koren haske ya wuce ta saman gadon bayan wani namiji da na auna wa tsakiyar ƙirji. Tun daga nan nake auna ƙasa kaɗan in dabbar ta riga ta tsargu.

Ta fuskar doka, an daɗe ana jayayya. Masu ra'ayin gargajiya sun ce duk abin lantarki ba shi da gurbi a jikin baka ko kibiya. Ƙungiyar Pope and Young, mai ajiye tarihin manyan dabbobin da aka harba da baka, sai a 2014 ta yarda ta karɓi dabbar da aka samu da nok mai fitila. Jihar Idaho ita ce ta ƙarshe da ta halatta shi, a 2022. Duk da haka kowace shekara ina karanta ɗan littafin dokokin farauta na jihar da zan shiga, domin ana sauya abubuwa. Kuma fitila ba ta ƙara maka lokaci. A Ohio farautar barewa daga minti 30 kafin fitowar rana ne zuwa minti 30 bayan faɗuwarta. A farkon Nuwamba, lokacin da mazan barewa ke bin mata ido rufe, rana na faɗuwa wajen 5:20 a yankin Kolombus, babban birnin jihar. Zuciya za ta ce maka ai za ka ga inda ta tafi, harba kawai. In ba ka iya ganin layin bayan kafaɗar dabbar da idonka, ka sauke baka ko da sauran minti biyar a agogo.

To ka ce bisimilla, ka saki, ka ga haske ya tafi. Me ka gani? In ya shige bayan kafaɗa ya ɓace, sannan ya sake bayyana a ƙasa a ɗaya gefen, kibiya ta ratsa ke nan, alhamdu lillahi. In ka ga hasken na tafiya tare da dabbar yana rawa, kibiyar na jikinta, ka bi shi da ido har inda ya ɓace, ka riƙe wani itace ko kututture a wurin a matsayin alama. Ka lura da tsawon abin da ya rage a waje: kibiya da ta tsaya kusan duka a waje kusa da kafaɗa, ƙashi ta daka. Sau da yawa sandar kan karye a guje, ɓangaren baya ya faɗi yana ci, wannan ma ya nuna maka hanyar da ta bi. Sai dai kada ka gaskata idonka ɗari bisa ɗari ko da fitila, musamman daga saman itace ko in dabbar ta juya lokacin saki. Kibiyar ce za ta ƙarasa ba ka labari.

Ni ba na motsi sai bayan minti 30 ko da na tabbata huhu ne. Harbin yamma yakan zo daidai da magariba, sai in sauko a hankali in yi sallata a gindin itacen, in ga koren ɗigon can yana jirana a cikin ganye. Sannan in je in ɗauko in duba da tocila. Jini ja mai haske da 'yan kumfa, huhu ne, bi ta, da wuya ta wuce yadi 150. Jini mai duhu kamar zobo mai kauri, hanta ce, ba ta awa huɗu zuwa shida. In ka ga kore-kore ko ruwan ƙasa, ka sunsuna ka ji ɗoyi, tumbi ne, ja da baya ta hanyar da ka zo ba tare da hayaniya ba, awa takwas zuwa sha biyu. Farin gashi da kitse ba jini sosai, ƙasan ciki ka shafa.

Nan ne mu Musulmi abin ya fi shafar mu fiye da maƙwabtanmu. Su in ya zama tumbi sai su tafi gida su dawo da safe. Mu kuwa a Malikiyyar da muka taso a kai, naman farautar da ya kwana ba a gan shi ba ana ƙyamar cinsa, ko da yake akwai malaman da suka sauƙaƙa in an tarar da kibiya a makasa. In kuma ka riske ta da sauran rai, yanka ya wajaba, don haka wuƙa mai kaifi ba ta barin ƙuguna. Na zauna da malaminmu a kan wannan, kai ma ka zauna da naka. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne na daina harbin da nake shakka da yamma, na kuma fi son zaman safe, inda ko hanta ce ina da yini guda a gabana. In harbin yamma ya zo da hanta, ina komawa da tocila wajen sha ɗaya na dare. Dalili na biyu ma ya isa: karnukan dajin nan da ake kira kayoti ba sa barin gawa ta kwana lafiya. Dokar Ohio ta yarda a bi dabbar da aka raunata da kare muddin yana ɗaure da igiya, amma in ta tsallaka gonar wani, sai da rubutaccen izininsa za ka shiga, ko kana hango fitilarka tana ci a tsakiyar gonar.

In kuskure ka yi gaba ɗaya kibiya ta nutse cikin ciyawa da rana, kada ka wahalar da kanka. Yi alama ka dawo bayan duhu ya yi, ka kashe tocila ka tsaya minti ɗaya idonka ya saba. Na taɓa tsintar tawa a dajin Wayne da ke kudu maso gabashin jihar, ta shige ƙarƙashin ganye kusan taƙi guda, sai wani ɗan kore-kore da ke fitowa ta ƙasa kamar makyallin dare. Kamfanoni na rubuta awa 20 zuwa 40 a jikin kwali, sanyi mai tsanani na rage wannan, don haka daren farko za ka nema, na biyu sai sa'a.

Kashewa: irin Lumenok ka kama shi ka kaɗa gefe da gefe kana ja baya kaɗan har wayoyin su rabu da bakin sanda, kada ka zare shi duka. Mai maɓalli yana da ɗan rami a gefe, ka sa tsinin ƙaramar wuƙa ko ɗan ƙarfen da ke zuwa da shi ka tura maɓallin ya koma. Ni ƙusa siririya na ɗaura da zare a jikin kwarina, domin neman tsinin wuƙa da yatsun da sanyi ya daskarar, ga reza a ɗaya ƙarshen, ya taɓa ja mini ɗinki uku. Wanda ya ratsa dabba ka wanke jinin da ɗan tsumma mai ɗumi tun bai bushe a cikin tsagar ba, ka busar, ka duba kunnuwansa biyu a gaban haske. Ko ɗan layin tsagewa ka gani, ya gama aiki. In lafiya lau ne ya koma cikin na atisaye, ba na mayar da shi kwarin farauta. Idan aka rufe lokacin farauta a farkon Fabrairu ina zare su duka in zuba a kwalbar magani, in ajiye a cikin ɗaki inda ba sanyi ba laima, ba a gareji ba.